Yadda ake zaɓar kalmomin shifta ga yaran da suka fara koyon karatu

Tunda aka dawo hutu kusan kullum sai wata ta tare ni, ko a bakin ƙofar makaranta ko a gidan suna ko ta waya, tambayar dai ɗaya ce, wai Malama waɗanne kalmomi zan riƙa ba yaron nan shifta a gida. Na gaji da bayani guntu-guntu a tsaye, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda nake yi da 'yan aji 1 da aji 2 da kuma 'yan lesin ɗina na yamma a nan Ƙofar Marusa cikin birnin Katsina. Zan riƙa cewa "ki" don mata suka fi damuna da tambayar, iyaye maza a yi haƙuri har da ku nake.

Abin da ya ƙara tunzura ni, watan jiya wata maƙwabciyata ta shigo da ɗanta ɗan shekara 6, tana ta murna ta miƙo mani takardar da aka ba su a makarantar kuɗin da yake zuwa, kalmomi 20 reras, ciki har da makaranta da tsuntsaye da ƙwallon ƙafa, ta ce Malama gwada shi ki gani duk ya iya. Na ce rubuta makaranta, kafin in rufe baki ya rubuta daidai. Sai na ce to rubuta mani rama. Yaro ya dube ni ya dubi uwar, ya tura fensir a baki, can ya ce Anti ai ba a ba mu wannan ba. Alhali r da a da m duk suna cikin makarantar da ya gama rubutawa yanzun nan. Hoton kalmar ya haddace kamar yadda zai haddace zanen mota, bai san me kowane harafi yake faɗa ba, kuma laifin na wanda ya zaɓa mashi kalmomin ne.

Kayan da za ki tanada

Littafin rubutu mai layi, mai falle 40 ya isa zango guda. Fensir da magogi. Alli da ƙaramin allo, in babu allo dandamalin simintin tsakar gida ma ya wadatar. Maka guda biyu, baƙa da ja. Sai kwali, wannan kar ki saya, mai shagon layinku zai ba ki na taliya ko na sabulu. Duk ki haɗa abin da za ki kashe bai kai kuɗin tiya ɗaya ta shinkafa ba.

Ki yanka kwalin ƙanana kamar girman kwalin ashana, kowanne harafi ɗaya, ƙaramin baƙi za ki rubuta ba babba ba tunda shi yaro zai fi gani a littafi. Wasulan nan biyar a, e, i, o, u ki yi su da jar maka kuma kowanne ki yi uku-uku, don kalma ɗaya kamar masara tana cin a har uku. Baƙaƙen kuma bibbiyu.

Hattara: kar ki ba shi biro. Yaron da ya san ba zai iya gogewa ba tsoron rubutu yake yi, sai ki ga ya zauna yana jiran ki faɗa mashi.

1. Fara gano haruffan da ya sani da gaske

Rera waƙar haruffa daga farko zuwa ƙarshe ba sani ba ne, aku ma zai iya. Ki cakuɗa katunan ki riƙa ɗagowa ɗaya-ɗaya ba bisa jeri ba yana faɗin sautin. In kin gama ki juya abin, ke ki faɗi sauti shi ya rubuta a allo. Ki kasa katunan kashi uku: waɗanda ya karanta kuma ya rubuta, waɗanda ya gane amma ya kasa rubutawa, da waɗanda bai sani ba sam. Kashin farko kaɗai ke shiga shifta. Minti 10 ya ishe ki wannan aikin, amma kar ki tsallake shi ko da kina ganin kin san ɗanki.

Hattara: yaron da ya yi nazare ya zo da sunayen haruffa na Turanci a kansa, a can harafin e ana kiransa "i", harafin a kuma ana kiransa "e". Shi ya sa za ki ce gida ya rubuta geda, ki ce keke ya rubuta kaka, ki yi ta faɗa alhali shi a ganinsa daidai ya yi. In kin ga haka ki ajiye komai ki yi sati guda a kan wasulan Hausa biyar kawai.

2. Ki gina kalmomi daga kashin farko kawai

Nan ne gundarin aikin. Ki baza katunan da ya sani a tabarma ki zauna ke kaɗai ki ga kalmomi nawa za su fito. Mutane na raina haruffa huɗu, to ga a, n, k, m: nama, kaka, mama, kama, mana, naka, maka, Nana. Shiftar sati biyu ke nan ba ki taɓa harafi na biyar ba. Ki ƙara u ki samu kunu, kuka, kuma, nuna, namu. Ki ƙara r da i ga rana, rami, rimi, mari. Ki ƙara t da s ga tuta, tara, sama, suna, sati. Daga nan g da d da o da e su ba ki gida, gero, goro, doki, dare, riga, rago, mota. Sai w, y, f, l, j, z, h, c su biyo baya a hankali: tuwo, wake, miya, fura, kifi, lemo, jaki, zuma, hula, ciki.

Harafi ɗaya ko biyu ake ƙarawa a sati, kuma duk kalmar da za ki sa, ki bi ta harafi-harafi da yatsa, in akwai ko ɗaya da ba ya cikin kashin farko ki cire ta komai kyawunta. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, malamin allo ba ya kai yaro farfaru sai ya ga babbaƙu sun zauna, kuma ba wanda ke cewa ya ɓata lokaci.

Hattara: b da d kar su shigo sati ɗaya, ki bar aƙalla sati biyu tsakaninsu, d ta zauna daram kafin b ta leƙo. Kusan duk yaro sai ya juya su, ba ciwo ba ne kuma ba dakiƙanci ba ne. Haka nan yaron da ke zuwa makarantar allo wani lokaci zai fara rubutun daga dama, ki ɗiga mashi jan ɗigo a gefen hagu na kowane layi, bayan kwana biyu zai daina.

3. Ki duba siffar kalmar ba tsawonta kaɗai ba

Kalmomin Hausa gaɓa-gaɓa suke, kuma gaɓoɓin ba wahalarsu ɗaya ba. Ga jerin da nake bi.

Farko masu gaɓa biyu, baƙi da wasali, baƙi da wasali, irin waɗanda na lissafa a sama. Ki daɗe a nan, wata biyu ma ba ɓarna ba ne. A ciki ki riƙa jefa masu farawa da wasali kamar ido, uwa, uku, aku.

Sai masu gaɓa uku amma duk irin ginin nan mai sauƙi: masara, dabino, kujera, tumaki, kabewa, cokali, gujiya. Iyaye na tsoronsu don sun yi tsawo, wallahi dabino ta fi sarki sauƙi nesa ba kusa ba, don da-bi-no yaro yana jin kowane harafi, amma sar-ki akwai r da ta maƙale a ƙarshen gaɓa, shi kuma sai ya rubuta saki ya wuce abinsa.

To su ne na uku, masu rufaffiyar gaɓa: sarki, girki, wando, bango, tanda, iska, malam. A nan akwai wata ƙa'ida ƙarama da ke ka da manya ma, kafin b a cikin kalma m ake rubutawa, dambu, dambe, tambaya. Amma in kalmomi biyu ne kamar gidan Bala, n ɗin tana nan ko da baki ya furta ta kamar m. Wannan ki bar shi sai aji 2.

Na huɗu masu ai da au: kai, rai, aiki, laima, sauro, gauta, taure, Daura.

Na ƙarshe masu baƙi biyu iri ɗaya a jere: hannu, kunne, allo, alli, inna. Su ki riƙa kawo su da abokan gwaminsu don kunne ya ji bambancin, mana da manna, kala da kalla.

Hattara: in yaro ya ji a ta rana tana da ja ya rubuta raana, kar ki yi mashi tsawa, kunnensa ne mai kyau. Ki dai gaya mashi a rubutunmu ba a ninka wasali ko da an ja shi a baki.

4. Masu ƙugiya da masu goyo

Ɓ da ɗ da ƙ haruffa ne masu zaman kansu, ba kwalliya ba ce ake yi wa b da d da k, ki yi masu katinsu daban. Ba na kawo ƙ sai k ta zauna, kuma idan na kawo ta da kishiyarta nake kawowa: kaya da ƙaya, kafa da ƙafa, baki da baƙi, bari da ɓari, fada da faɗa, gada da gaɗa. Yara na son wannan satin, ranar da na rubuta "na taka kaya" da "na taka ƙaya" a allo na ce wanne ne zai sa ka kuka, ajin gaba ɗaya aka kwashe da dariya kuma tun daga ranar ba su ƙara mance ƙugiyar ba. Ƙugiya ɗaya a sati, ƙ da farko, sai ɗ, ɓ ta zo ƙarshe.

Bayansu sai masu goyo, wato haruffa biyu masu sauti ɗaya: sh da ts tukun (shanu, shayi, tasha, tsaba, tsaka), daga baya kw, gw, ky, gy, ƙw, ƙy (kwano, gwanda, kyau, gyaɗa, ƙwai, ƙyalle). Su ma kati ɗaya za ki rubuta su, kar ki raba s da h. Can ƙarshen shekara sai 'ya'ya da sa'a da addu'a.

Hattara: in za ki tura wa wata jerin ta WhatsApp ki sa Hausa a Gboard, wato madannan rubutu na wayarki, don ƙugiyoyin su fito, in ba haka ba ƙasa za ta isa a matsayin kasa, uwar ta kwafa haka, yaron ya koya haka. Sannan c ita kaɗai ake rubutawa a ciki da cokali, ba a yi mata h. Yaro zai ga Charanchi a jikin allon hanya ya ce ai ga shi, ki ce mashi wancan rubutun Turawa ne.

5. Ki tace jerin da bakin yaron

Duk kalmar da ta tsallake matakan baya ki tambayi kanki, yaron nan yana faɗinta da bakinsa a gida? In bai san ma'anarta ba ki cire. Abin da yake ci da abin da yake wasa da shi da sunayen 'yan gidanku sun fi komai, Musa, Sani, Rabi, Hadiza, kuma da su ne za ki koya mashi babban baƙi. Mu a nan ma Allah ya hutar da mu, muna da Mani da Mashi da Rimi, garuruwa ne kuma kalmomi ne na yau da kullum. Ki ce "ya ba ni rimi" sannan ki ce "mun je Rimi", ki ce "ka sayo mani goro a Mani", nan take yaro ya gane aikin babban baƙi. Funtua da Jibia da Kankia kuwa kar ki sa su yanzu, baki yana cewa Funtuwa da Jibiya da Kankiya amma takardun hukuma sun yar da w da y, rikita shi kawai za su yi.

Sai maganar Katsinanci. Yaro a gida yana jin tahi da hita da hili, a littafi kuma tafi da fita da fili zai gani. In ya rubuta tahi bai yi kuskuren ji ba, abin da kakarsa ke faɗa ya rubuta. Ni abin da nake ce masu, wannan na baki ne wancan na takarda, duka namu ne. A watannin farko ki kauce wa irin waɗannan kalmomin, in hannunsa ya faɗa sai ki ware masu sati guda su kaɗai.

Hattara: rubutun Hausa ba ya nuna karin sauti da jan wasali, don haka gari na zama da gari na tuwo iri ɗaya ake rubuta su, haka kuka da wuya da fari. Ko da yaushe ki sa kalma cikin jimla.

6. Ƙananan kalmomin da ba a gani

Na, ta, ya, da, ne, ce, za, ba, a. Ba su da hoto ba su da daɗin koyarwa amma ba jimlar da za ta tashi babu su. Ki sa ɗaya kowane sati kuma a ɗan guntun zance za ki ba da ita, don abin da ake koya a nan shi ne inda ake rabawa: ya ce, za mu, shi ne, ta zo, duk a rabe. Gidana, rigarta, dokinsu kuma a haɗe. Ni kaina in ina sauri a waya yace da zamu nake bugawa, ban musa ba, amma a littafin yaro ba na yarda, don in ya saba tun aji 1 har jami'a zai kai shi.

7. Nawa ne a sati

Ɗan aji 1 kalma 6 ta ishe shi: uku sababbi masu harafin satin, biyu tsofaffi daga makonnin baya, ƙarama ɗaya. Aji 2 da 3 ki kai 8 zuwa 10. Kalma 20 ga ɗan shekara 6 hadda ce kawai za ki tilasta mashi.

Minti 10 zuwa 15 a rana, Litinin zuwa Alhamis, Juma'a gwaji. Ki nemi lokacin da ba a gajiye yake ba, yaron da ya dawo boko ya wuce Islamiyya ya dawo gab da magariba in kika ɗora mashi shifta a kan yunwa kuka za ku yi ku biyu. Bayan ya ci abinci ko da safe kafin ya fita ya fi.

8. Yadda ake ba da ita

Litinin ya gina kalmomin da kati a tabarma. Talata ki cire kati ɗaya ki sa wani ya karanta abin da ya fito, rana ta koma rina, tara ta koma tura. Laraba a allo da alli. Alhamis a littafi. Kowace kalma ki faɗe ta, ki sa ta a jimla, ki sake faɗa, shi ma ya maimaita da bakinsa ya tafa gaɓoɓin da hannu sannan ya rubuta. Ki duba nan take kafin ku je ta gaba.

Ranar Juma'a bayan shidan nan ki ƙara ɗaya da bai taɓa gani a jerin ba amma duk haruffanta ya san su, ni kalmar tarko nake ce mata. In ya ci shida ya faɗi a tarko, hadda ya yi, ku maimaita satin da wasu kalmomin masu haruffa iri ɗaya. In ya ci tarko ko da ya faɗi biyu a cikin shidan, ku ci gaba.

Hattara: kar ki ja kalma har ta fita kamanninta, kuma kar ki sa shi rubuta wadda ya faɗi sau 20. Daga layi na uku kwafa yake yi, hankalinsa yana wurin ƙwallo. Sau uku ya isa, kowane sau a rufe na baya da hannu.

9. Kuskurensa shi zai zaɓa maki na sati mai zuwa

Kar ki tsaya a jan biro da 4 bisa 6, ki duba me ya rubuta. In ya rubuta saki maimakon sarki, rufaffiyar gaɓa ce ba ta zauna ba, sati mai zuwa girki, kirki, turmi. In hanu ya rubuta, kunne da allo da inna. In wasali yake yarwa, kamar gda ko msara, ku koma tafi da kati. In tapi ya rubuta, ki gaya mashi Hausa ba ta da p a daidaitaccen rubutu, ki ba shi kifi, kofi, tafi. Ki ware falle biyu na bayan littafin kina rubuta kwanan wata da irin kuskuren, bayan wata ɗaya za ki ga abu ɗaya ko biyu ne ke ta dawowa.

10. In makarantarsu Turanci take ba da shifta

Dokar ba ta canza ba, sautin da ya sani kawai, kalma gajera. Makarantun da ke bin tsarin Jolly Phonics, wato koyar da karatun Turanci ta sautin haruffa, da s, a, t, i, p, n suke farawa, daga su kuwa ana samun sat, sit, pin, tin, pan, tap, nap. Ki gaya mashi ma'anar kowacce da Hausa. Ki raba littafin Hausa da na Turanci, kuma kar a yi su a zama ɗaya don c da wasulan ba aiki ɗaya suke yi a harsunan biyu ba. In malamarsu ta turo doguwar takarda ki ɗebi biyar da suka dace da shi ku yi su da kyau, sauran ki je ki same ta cikin mutunci ki yi mata bayani, yawancinsu su ma ba su suka tsara jerin ba.

Ɗan maƙwabciyar tawa kuwa daga haruffan kalmar nan makaranta da ya haddace na ciro mashi satin farko: rana, nama, tara, mata, kama, da na. Uwar ta ɗan ɓata rai ta ce Malama ai waɗannan na 'yan nazare ne, na ce Maman yara ki dai ba ni Juma'a uku. Juma'ar farko ya faɗi a tarko, ta biyu ma haka. Ta uku na dawo mashi da rama, ina sauri don an kusa kiran la'asar na mance ban sa ta a jimla ba. Ya tafa sau biyu, ya duƙa ya rubuta r, a, m, a, sannan ya ɗago ya ce Anti, ramar da ake kwaɗo ko wadda in an buge ka kake yi?